Sikelin Abin da Ido Bai Gani

Da asuba nake sauka gaɓar Noyyal,
kwalabe goma sha biyu cikin jaka,
in ɗebi ruwa, in manna lamba.
Sunana Thenmozhi. Awo ne sana'ata.
Yau ruwan ya kwanta, ya yi garau,
amma na daɗe da daina yarda da ido.

Can sama da gada masaƙa na tari,
tana saƙa safar da ba ta wari.
Sun niƙa azurfa, sun sake niƙawa,
har ta kusa komawa ƙwayar zarra.
A kaurin silin gashina guda
dubbanta za su jeru, da sauran wuri.
Fasahar nano, in ji masu farar riga.
Tana kashe ƙwayar cuta a tafin ƙafa,
in an yi wanki ta bi lambatu.
Daga nan sai ina?
A nan kowa ke duban agogo.

Ranar Talata aka kira zama
a zauren hukumar Tiruppur,
fanka uku, ɗaya ta mutu.
Senthilvel mai masaƙa ya buɗe jakarsa:
"Baki dubu huɗu ke ci a ƙofata.
In kun ɗaure ni, ku ciyar da su."
Ban ƙaryata shi ba.
Ƙanwata a can take ɗinke bakin safa.

Tsoho Marudhan ya dogara sanda,
ya aza curin ƙasa a teburin shugaba.
"Daga gonar kurkum ɗina na ɓanɓaro.
Bara in na kafta, tana sai ta cika hannu,
bana tana uku na ƙirga.
Ban ce ku ne ba.
Na ce a duba."

Aka juya ga malamar jami'a, Ilakkiya.
Ta cire tabarau, ta goge, ta mayar.
"Ban sani ba tukuna," ta ce.
Duk zauren nan ba a faɗi
maganar da ta fi wannan tsada ba.

Ni kuwa zuciyata ta rabu biyu.
Matatar ruwa a makarantar 'yata,
azurfar nan ce dai a cikinta.
Tun da aka girka ta bayan aji
ba mu sake kwana a asibiti ba,
ina riƙe da ƙaramin hannu da allura.
Yaya zan tsine wa abin da ya shayar da ita?
Yaya zan sake shi ya yi kiwo ba makiyayi?

Tsohuwar doka da kilo take awo,
idon rariyarta ya yi faɗi.
Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar,
sai dai mu abin da ke zuba
ba ya ɗiga, ba ya jiƙa ƙasa,
ba ya barin tabo a zane.

Muka yi awa biyu kan kalma ɗaya.
Lauya na son "ya kamata",
ni na kafe kan "dole".
Shayi ya huce, sauro ya shigo.
Ƙarfe tara aka rubuta:
dole a faɗa a jikin kwali,
dole a haƙa tafkin tacewa kafin kogi,
dole a liƙa sakamakon awo duk wata
a bangon kasuwa, da Tamil,
inda mai sayar da ayaba zai karanta.
In ilimi ya ƙaru, a sake zama.

Senthilvel ya sa hannu yana tsaki.
Marudhan ya dangwala yatsa,
ya ɗauki curin ƙasarsa ya ƙulle a mayafi,
wai ba a barin gona a ofis.

Ba mu kama dodon ba, ba mu ma gan shi ba.
Icce dai muka tanƙwara tun yana ɗanye.

Gobe da asuba ina gaɓar Noyyal.
Kwalabe goma sha uku ne yanzu.
Ta ƙarshen, ta rijiyar tsohon ce.